Alhaji, motar ce ta lalace?

Daren farko da na fita tafiyar ƙafa bayan cin tuwo, ban kai ƙarshen layinmu ba sai da mota biyu suka tsaya mini. Na farko maƙwabcina ne, ya sauke gilashi yana cewa, "Subhanallahi, Alhaji, motar ce ta lalace? Shigo in kai ka." Na ce masa lafiya lau, iska nake sha. Ya yi mini irin kallon da ake yi wa mai ɓoye damuwa, ya ce to Allah ya kyauta, ya ja motarsa. Na biyu wani yaro ne da ya taɓa zama a shagona, shi har fitowa ya yi ya buɗe mini ƙofa. Kafin in dawo gida labari ya riga ni, uwargida ta ce matar maƙwabcin ta aiko a tambaya ko lafiya.

Shadda da yadi nake sayarwa a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke Kaduna, gidana kuma yana Badarawa. Ina da shekara 51 aka tabbatar mini da ciwon suga, a watan Janairun 2023. Jiki ya daɗe yana gaya mini, ni ne ban saurara ba. Ana tsakiyar hunturu, kowa na gudun ruwa, ni kuwa ina shanye fiya-wata leda bayan leda. Cikin dare in tashi fitsari sau huɗu, sau biyar. Duk wannan bai kai ni asibiti ba sai da lambobin jikin tef ɗin awo suka fara yi mini hazo-hazo, har na yanka wa wani yadi huɗu da rabi a maimakon biyar, ya dawo yana faɗa.

Aka ce in zo da safe ban ci komai ba. Gwajin ya nuna 11.4, alhali daga 7.0 zuwa sama ake kiran abin ciwon suga. Aka ƙara da wani gwajin mai suna HbA1c, wanda ba ruwansa da abin da ka ci jiya. Shi lissafin wata biyu zuwa uku yake kawowa, domin suga yana manne wa jajayen ƙwayoyin jini, su kuma sukan yi kusan kwana 120 kafin jiki ya sauya su. Nawa ya nuna 9.1 cikin ɗari. Likitar ta ce so ake a sauko da shi ƙasa da 7. Ta rubuta mini metformin, bayan wata ɗaya ta ƙara da glibenclamide, ta kuma ce, "Alhaji, tukunyar nan a kan duwatsu uku take zama: magani, abinci, da motsa jiki. In ka zare ɗaya ka san abin da zai sami miyar."

Na ce to. A zuciyata kuwa biyu na ɗauka. Magani ba wuya, haɗiya ce. Abinci ma na yi ƙoƙari, na bar lemon kwalba, na daina sa suga a shayi da koko, uwargida ta koma tuƙa mini tuwon alkama da na acca. Motsa jiki kuwa na ɗauka ba da ni ake ba. Mutumin da ke fita tun ƙarfe takwas ba ya dawowa sai magariba, wane motsi kuma ake nema a wurinsa?

'Yata ce ta tona mini asiri. Ta ɗauki wayata ta buɗe wata manhaja da ban ma san tana ciki ba, mai ƙirga takun mutum. Ta ce, "Baba, jiya taku 1,700 ka yi, shekaranjiya 1,450." Na ce ƙarya wayar take yi. Amma da na zauna na bi ranar tawa daki-daki sai na ga gaskiyarta. Daga ɗaki zuwa mota, daga mota zuwa shago, daga nan sai kujera. Yaro ne ke sauko da bandir, yaro ne ke warwarewa, yaro ne ke sayo abinci, har ruwan alwala a buta ake ajiye mini a gabana. Masallacin layinmu a kasuwa taku ashirin ne. Ashe hada-hadar da nake ganin ina yi duk da baki nake yinta.

Da na tashi gyarawa sai na yi halin 'yan kasuwa, na ce sari zan yi, ba sayen ɗai-ɗai ba. Na sayi kambas a wajen 'yan gwanjo da wando irin na 'yan ƙwallo, ranar Asabar da sassafe na nufi Dandalin Murtala inda matasa da ma'aikata ke taruwa motsa jiki. Na ga wasu samari suna zagaye da gudu, na bi sahunsu. Ban kai minti goma ba ƙirjina ya ɗauki zafi, numfashi ya nemi gagarata, amma kunyar yaran ta hana ni tsayawa. Da na koma mota na ɗauko na'urar gwaji ina murna zan ga abin ya faɗi ƙasa warwas. Da 8.9 na bar gida, 10.6 na tarar. Hawa ma ya yi. Kwana uku a zaune nake sallah saboda gwiwa da cinya. Na sake gwadawa Asabar biyu, sannan na cilla kambas ɗin ƙarƙashin gado, na ce wannan harkar 'yan boko ce.

Wata nas ce a asibitin, dattijuwa mai magana ba kwana-kwana, ta warware mini. Ta ce gudu mai tsanani ga wanda bai saba ba yakan sa jiki ya ɗauka gudun ceton rai ake yi, sai hanta ta sako sugan da ta ajiye cikin jini. Shi ne hawan da na gani, kuma na ɗan lokaci ne. Sannan ta yi mini wani bayani da na juya shi da harshen kasuwa don ya zauna mini. Abin da muka ci, tuwo ne ko shinkafa ko burodi, suga yake komawa ya shiga jini. Babbar mai sayen wannan haja ita ce tsoka, musamman ta cinyoyi da ƙafafu. Insulin shi ne dillalin da ke haɗa cinikin. A irin ciwon da ke gare ni, nau'i na biyu, wanda shi ke damun mafi yawan masu suga, dillalin yana nan amma mai sayen ta daina sauraronsa sosai, sai haja ta yi kwantai a cikin jini. To amma in tsoka tana aiki, da kanta take ɗibar sugan ba ta jiran dillali, kuma bayan an gama tafiyar takan ci gaba da jin maganarsa kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci uku. Daga nan sai ta koma gidan jiya. "Shi ya sa, Alhaji, gudun Asabar ba zai riƙe ka har Laraba ba."

Abin da ta gindaya mini shi ne minti 150 a mako aƙalla, wanda shi ne shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga manya. A rarraba shi, kamar minti 30 sau biyar, kuma kada a jera fiye da kwana biyu ba a yi ba. Saurin na tsaka-tsaki, yadda zan iya amsa gaisuwa ina tafe amma in na ce zan ja dogon karatu numfashi ya hana. Ta ce in talatin ɗin ya yi mini yawa in yanka shi uku, goma-goma, kuma ya fi riba bayan cin abinci, lokacin da sugan ke tururuwar shiga jini.

Ni kuwa ba na yarda da haja sai na murza ta a hannu. Na sa uwargida ta yi tuwon masara da miyar kuka dare biyu a jere, malmala ɗaya da rabi kowane dare. Daren farko na ci na yi abin da na saba, na kishingiɗa a kan kafet ina sauraron labarai. Awa biyu da fara cin na soki yatsa: 13.2. Dare na biyu na ci daidai wancan, na huta kamar kwata, na fita na yi tafiyar minti ashirin. Wannan ne daren da motoci suka yi ta tsaya mini. Da lokaci ya yi na gwada: 9.7. Ma'aunin da aka ba ni shi ne kada ya haura 10 bayan abinci. Na maimaita da shinkafa da wake, na maimaita da waina. Tazarar takan ragu, takan ƙaru, amma ba ta taɓa juyewa ba. 'Yan tsinkayen da ake ɗiga wa jinin suna da tsada, kowace suka kuɗi ce, amma kuɗin da na kashe a makon nan ban yi da-na-saninsu ba. A nan ne ma na gano cewa tuwon acca da na alkama da ake yi wa kirari, in na cika kwano na'urar ba ta yi musu kara.

Wani abu da ke rikita mutane: na'urorin iri biyu ne a gari. Wata tana ba da ƙananan lambobi irin su 7 da 10, wata manya irin su 126 da 180. Magana ɗaya suke yi, da 18 ake ninkawa. Na ga wani abokina a layin 'yan shadda ya kusa sumewa don an gwada shi ya ga 110, ya ji ni kuma ina maganar 7.

Jiki bai wahalar da ni kamar idon mutane ba. A garin nan magidanci mai furfura, mai mota, in aka gan shi yana taka ƙasa da dare, ɗayan biyu ne: ko karayar arziki, ko rigimar gida ce ta koro shi. Wani ya zo har shago ya ja ni gefe, ya ce in akwai abin da zai iya taimakawa kada in ji nauyinsa. Na gode masa, don da zuciya ɗaya ya yi. Laifin ma rabi nawa ne, don a lokacin ban so a san ciwon ba. Mukan ɓoye suga kamar abin kunya, gudun kada a fara yi mana sannu a inda ake yi mana barka.

Abu biyu suka rufa mini asiri. Na farko masallaci. Na daina tsayawa a na ƙofar gida don isha'i, na zaɓi wani mai tafiyar minti goma sha biyu. Tuwo bayan magariba, sannan a kama hanya. In aka tsaya mini sai in ce masallaci za ni, ladan taku nake nema. Duk wanda ya taɓa zama gaban malamai ya ji cewa wanda ya fi nisan tafiya zuwa sallah ya fi lada, ba mai ja da wannan. Ranar Juma'a kuma in taka har masallacin Sultan Bello a Unguwar Sarki. Na biyun ba ni na shirya shi ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki kuɗin lita ya ninka kusan sau uku. Kafin wata ya zagayo manyan mutane sun ajiye motoci, bakin titi ya cika da masu sayyada, na ɓace a cikinsu. Ba wanda ya sake tambayata ko motar ce ta lalace, kowa ya san abin da ya lalace.

Sai na fara barin motar a gida wasu ranakun, in hau Keke Napep in sauka tun da nisa, in ƙarasa kasuwa da ƙafa ta titin Ahmadu Bello. Wata safiya cikin Yuli na haɗiye ƙwayoyina, aka ce mai koko ba ta fito ba saboda ruwan da aka kwana yi, na ce zan karya a shago. Na yi tafiyar kamar minti ashirin da biyar sai na ji wani gumi mai sanyi ya karyo mini, hannu na rawa, zuciya na dukan uku-uku, yunwa kamar an yashe cikina. Na lallaɓa na zauna a bencin wani mai shayi da na saba da shi, na ce ya zuba mini suga cokali uku a ruwan ɗumi. Ya ce, "Haba Alhaji, kai da ka hana ni sa maka ko ƙwaya ɗaya? Ba da hannuna ba wallahi." Sai da na daka masa tsawa da wata murya da ban san ina da ita ba. Na shanye, na lalubo na'urar da ƙyar na gwada: 3.4. Ƙasa da 3.9 an shiga haɗari. Bayan minti goma sha biyar na sake gwadawa na ga ya kai 5, sannan na ce ya soya mini ƙwai ya kawo burodi. Yana soyawa yana satar kallona.

An gaya mini wannan tun farko, maganar ce ta bi ta bayan kunnena. Metformin shi kaɗai ba kasafai yake kayar da suga haka ba. Glibenclamide kuwa tilasta wa jiki yake ya fitar da insulin, ko ka ci ko ba ka ci ba, haka abin yake ga masu yin allurar insulin. In ka haɗa da doguwar tafiya a kan yunwa, ka tara dillali da mai saye a shagon da ba kaya. Likitar ta rage mini shi zuwa rabi, bayan wasu watanni ta cire shi gaba ɗaya. Ita ta cire, ba ni ba, kuma da gangan nake nanata wannan don na san halinmu. Tun ranar aljihun jamfata ba ya rabuwa da ƙwayar sugan shayi huɗu a leda, da wata 'yar takarda mai cewa ina da ciwon suga da lambar uwargida a jiki. Yaran shago ma na koya musu: in sun ga ina gumi ina maganar da ba kai, su ba ni abu mai zaƙi. In kuwa na suma kada su ɗura mini komai a baki, asibiti kawai.

Ƙafa ce ba na wasa da ita. Ƙanen mahaifina suga ne ajalinsa, kuma kafin ya rasu sai da aka yanke masa ƙafa daga gwiwa. Mafarin abin wata 'yar ƙusa ce da ya taka bai ji ba. Suga in ya daɗe a sama yana lalata jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, yana kuma rage gudun jini zuwa ƙafa, sai a ji rauni ba a sani ba, ya kuma ƙi warkewa. A asibiti an sa na rufe ido aka riƙa taɓa tafin ƙafata wuri-wuri da wani siririn zare mai kama da na kamun kifi. Na ji ko'ina in ban da ƙarƙashin babban yatsan hagu. A daidai wurin kambas ɗin gwanjon nan ya yi mini bororo, ban ankara ba sai da na ga jirwayen jini a safa. Kwana tara ban fita ba.

Na sayi wani mai faɗin baki, kuma da yamma na je gwadawa kamar yadda nas ta ce, don ƙafa takan ɗan kumbura zuwa yamma. Safa ta auduga, wadda ba ta matse ƙwauri. Kafin in sa takalmi sai na zazzage shi na zura hannu na shafa. Mu da muke wanke ƙafa sau biyar a rana ba mu da uzurin rashin duba ta. Abin da na ƙara kawai shi ne ɗan hankici na tsane tsakanin yatsu, da mai a dunduniya lokacin hunturu saboda faso. Sai kuma Juma'ar bazara, daɓen harabar masallaci da tsakar rana yana iya ƙona tafin da ba ya ji, shi ya sa da safa nake takawa.

Kaduna ba ta barin mutum ya yi shekara da tsari ɗaya. A Agusta ruwa kan tsare ni daidai lokacin fita, sai in yi ta kai-komo a baranda ƙananan yaran gidan suna bina suna dariya. Hunturu sai da takunkumi. Da dare titi mai fitila nake bi, da ƙaramar waya, ba na kuma wuce ƙarfe tara. Azumin 2024 ya faɗo a Maris da Afrilu, tsakiyar zafi, don haka tun cikin Sha'aban na je aka sake mini tsarin shan magani. Aka ce kada in kuskura in yi tafiya tsakanin la'asar da magariba, in bari sai bayan buɗa-baki. Tarawihi ita ma motsi ce, ga tsayuwa ga ruku'u ga sujada, sai na haɗa ta da zuwa da dawowa a ƙafa. Sharaɗin da aka kafa mini shi ne in gwaji ya nuna ƙasa da 3.9, ko ya haura 16 da ɗoriya, wato 300 a ɗaya na'urar, in karya in rama daga baya. Na tambayi limaminmu ko sukar yatsa tana karya azumi, ya ce ba ta karyawa. Tafiyar ba ta gagare ni ba a watan. Kunun gyaɗa da ƙosai da zoɓo mai sanyi su ne muka yi ta kokawa da su.

Daga baya aka ƙara mini aikin ƙarfi sau biyu a mako, don in tsoka ta ƙaru mai saye ce ta ƙaru. Kafin nan sai da aka tura ni Asibitin Ido na Ƙasa da ke nan Kaduna, aka ɗiga mini magani aka leƙa can cikin idon, saboda wanda suga ya taɓa wa jijiyoyin ido ba a so ya riƙa ɗaga nauyi yana yunƙuri. Nawa ya fita lafiya, hazon nan ma ya washe da sugan ya sauka. Ban je wurin ɗaga ƙarfe ba. Jarka biyu masu lita biyar-biyar, tashi-zauna daga kujera sau goma sha biyar ba dafa gwiwa, da tura bango da hannu, su ke nan. A shago kuma na ƙwace wani aikin daga hannun yara, ni ke sauko da bandir, ni ke mayarwa. Babban yarona ya yi kwana biyu ba walwala, ashe ya zaci sallamarsa zan yi. Ba na kuma wuce rabin awa a zaune ban miƙe ba. In ba ciniki sai in zaga layi in gaggaisa da mutane.

Uwargida ta fi ni rashin hanya. Hawan jini gare ta, ita ma an ce ta motsa, amma inda ni aka tsayar mini da mota, ita baki za a sa mata. Mahaifiyarta har ta tsufa tana daka da surfe da jan guga, ita kuwa inji ke niƙa, famfo ke kawo ruwa, yara ke shara. Yanzu bayan asuba takan zaga tsakar gida da carbi a hannu, shi ne agogonta.

Bayan wata shida da fara tafiyar HbA1c ya sauko 7.6, da shekara ta zagayo 6.8. Nauyina ya ragu daga kilo 94 zuwa 87. Wandonmu mai mazagi ba ya tona asiri, agogo ne ya fara yawo a hannu. Fitsarin dare ya koma sau ɗaya. Ban warke ba, metformin yana nan safe da yamma. Masu magani da lasifika a bakin kasuwa suna alkawarin raba mutum da suga cikin kwana bakwai. Ni dai ban ga wanda suka raba ba, amma na je dubiyar waɗanda suka ajiye ƙwayoyinsu saboda su.

Ƙanena da muke ciki ɗaya an gwada shi da safe ya nuna 6.3, wato bai shiga ba amma yana bakin ƙofa. Likitar ta ba ni labarin wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 2002. Mutane masu irin matsayinsa aka ɗora a kan shirin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari, waɗanda aka ba metformin kuwa da kashi 31. Na kai masa maganar har gida. Ya saurara tsaf, ya ce, "Allah ya ƙara lafiya, Yaya," sannan ya aiki yaro ya sayo masa lemo mai sanyi. Har yanzu a mota yake zuwa masallacin bayan gidansa.

Ba ni da bakin yi masa gori. Babbar sallar da ta wuce ta haɗu da bikin 'yar tawa mai ƙirga taku, baƙi daga Zariya da Kano suka cika gida, na ajiye tafiyar na ce bari a gama hidima. Kwana uku suka zama mako uku. Ban ji komai a jikina ba, kuma mugun halin ciwon ke nan. Littafin da nake rubuta gwajin safe ne ya nuna: 6.4, 6.9, 7.5, 8.3, kamar farashin shinkafa. Ranar da na koma, tafiyar minti ashirin ɗin da a da nake yi ina hira sai da na tsaya sau biyu ina haki, na biyun a gaban mai gasa masara, na yi kamar taya masarar nake. Na koma goma-goma kamar farko, sai da na yi kwana goma sha biyu kafin lambar safe ta dawo ƙasa da 7. Gwajin wata uku da ya biyo baya ya nuna 7.3. Likitar ta dubi takardar, ta dube ni, ta ce, "Alhaji, an sha biki ke nan." Na ce an sha. Ta rubuta mini ranar dawowa, ta ce in cire takalmi da safa ta ga ƙafar hagun.